Yadda Ake Ɗanɗana wa Mutane Labarin da Bai Gama Nuna Ba

Marubucin soyayya yana da sauƙin aiki ta wata fuskar. In ya rubuta cewa saurayi ya shafa turare ya tafi zance bayan Magariba, babu mai tambayarsa yadda aka yi. Wanda ya ɗauki labarin kimiyya ko na aljanu da tsafi kuwa, shi ne magini, shi ne sarki, shi ne mai lissafin taurari. Ya ƙirƙiro duniya mai wata uku, ya zuba mata dodanni da fadawa, ya yanke cewa jirginsa da hasken rana yake tafiya, kuma duk wannan gini a cikin kansa kaɗai yake tsaye. Ba zai san ko baƙo zai iya shiga ya fita lafiya ba sai ya miƙa wa wani ya karanta. Shi ya sa marubutan wannan fanni suka fi kowa nuna wa juna aikin da ba su kammala ba, kuma su suka fi kowa jin jiki a wajen. Sai dai magabata sun bar hanyoyin rage raɗaɗin.

Da farko marubuci ya sasanta da tsoron sata. Kusan kowane sabon shiga ya yi imani cewa dabararsa ba a taɓa yin irinta ba tun da aka fara feƙe alƙalami, kuma da ya buɗe baki wani zai sure ta. To ya duba abin da ya faru a tsakiyar shekarar 1816, a wani gida da ke bakin tafkin Jeniba a ƙasar Siwizalan. Dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta a 1815, tokarsa ta rikita yanayi har Turai, ruwa ya hana baƙin gidan fita. Mawaƙi Lord Byron ya ce kowa ya rubuta labarin fatalwa. Wata yarinya 'yar shekara 18, wadda duniya ta sani daga baya da Mary Shelley, ta fito da Frankenstein, wanda aka buga a 1818, kuma masana da dama ke ɗauka a matsayin uban labaran kimiyya na zamani. Likitan Byron, John Polidori, ya ɗauki guntun labarin da maigidansa ya fara ya watsar, ya gina The Vampyre a kai. Rufi ɗaya, umarni ɗaya, amma littattafan ko kama ba su yi ba, domin dabara kowa na iya samu, hannu ne ya bambanta.

Tsoron dai yana da ƙafar tsayawa, domin da labarin Polidori ya fito a 1819 sunan Byron aka liƙa masa. Marubutan Hausa da ke sakin labari a WhatsApp da Wattpad sun san wannan ciwo: babi ya zagaya wayoyi ya dawo da sunan wata, ko a ji ana karanta shi a YouTube ba a ko yi sallama da mai shi ba. Maganin mai araha ne. Suna da kwanan wata a kan kowane babi, sannan ɗanyen aiki ya fara zuwa hannun mutanen da aka san gidajensu.

Bayan haka sai ya yi haƙuri ya bar taswira a gida. Wannan ce jarrabawa mafi tsanani, domin mai ƙirƙirar duniya yana son taswirarsa kamar ɗan fari. Za a taru don jin labari, sai ya warware takarda ya fara: ga kogin da ya raba masarautu bakwai, ga jerin sarakuna tun daga kakan kakan jarumi, ga kuɗin ƙasar, ga dalilin da ya sa ba sa cin gishiri ranar Talata. Kafin jarumin ya ɗaura sirdi rabin masu sauraro sun tuna suna da uzuri. Ko J.R.R. Tolkien bai tsira daga wannan ba. Da The Hobbit ya karɓu a 1937, kamfanin Allen & Unwin ya nemi ci gaba, shi kuma ya aika musu tarin tarihin duniyarsa da waƙoƙinta da ya daɗe yana ginawa. Suka mayar masa cikin ladabi, suka ce 'yan gajerun mutanen nan nasa na cikin The Hobbit suke so. Tarihin bai fito ba sai 1977, da sunan The Silmarillion, shekara huɗu bayan rasuwarsa.

Wasu marubuta da ke haɗuwa a birnin Austin na jihar Texas sun gaji da maimaita gyara iri ɗaya, har aka tattara kurakuran fannin a ɗan kundi mai suna Turkey City Lexicon, wanda Lewis Shiner da Bruce Sterling suka shirya. A ciki akwai laifin sa mutum biyu su gaya wa juna abin da dukkansu suka sani don mai karatu ya ji. A Hausance zai fito kamar haka: Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka sani, kai ne sarkin ƙasar nan, kuma mahaifinka ya rasu bara." Sarkin da zai saurari wannan bai sa dogarai sun fitar da Waziri ba, shi ma a duba lafiyarsa. Akwai kuma laifin ɗauko zomo da kunnuwansa da tsallensa, a raɗa masa wani suna mai wuyar faɗa don a ce dabbar wata duniya ce.

Zaɓen masu sauraro shi ne inda ya kamata a daɗe ana tunani, kuma babu misalin da ya kai na ƙungiyar Inklings ta Oxford a Ingila. Daga shekarun 1930 har 1949 suna haɗuwa daren Alhamis a ɗakin C.S. Lewis da ke kwalejin Magdalen, a dafa shayi, a kunna lofe, wanda ya zo da rubutu ya karanta da ƙarfi. A nan Tolkien ya riƙa karanta babi-babi na littafin da ya zama The Lord of the Rings, wanda ya fara a Disambar 1937. Lewis yakan yaba, yakan matsa, yakan ce wannan wurin za ka iya fin haka, kuma Tolkien da kansa ya shaida daga baya cewa ba don nacin Lewis ba da bai kai ƙarshe ba. A ɗakin kuma akwai Hugo Dyson, malamin adabi mai yawan surutu, wanda ba ya ƙaunar jin labarin halittun nan masu dogon rai da ake kira Elf. Yakan miƙe a kujera yana nishi da ƙorafi, har ta kai in yana nan ba a karanta littafin.

Don haka marubuci ya nemi Lewis ɗinsa, kuma ya san cewa Dyson ma zai zo ko ba a gayyace shi ba. A ba shi shayi, a ba shi wuri, amma kada a ba shi ikon hana karatu. Kuma ko gwani yakan kuskure a kan aikin ɗan'uwansa: da Lewis ya nuna wa Tolkien farkon labarinsa na Narnia, Tolkien bai ga abin so a ciki ba, ya ga an cakuɗa tatsuniyoyin al'ummu daban-daban a wuri guda. Lewis ya ci gaba da abinsa, littafin ya fito a 1950, yara na karanta shi har gobe.

A zaɓen masu sauraro uwa ba ta cikin lissafi, domin ita ko jerin sunayen kayan miya ɗanta ya rubuta za ta ce Allah ya yi albarka. Haka ma wanda ke neman auren marubuciya, hukuncinsa sai bayan ɗaurin aure. Yaro ƙarami dai a riƙe shi da kyau. Rahoton da ya sa aka buga The Hobbit, Rayner Unwin ne ya rubuta shi, ɗan mai kamfanin, yana da shekara 10, aka biya shi sule ɗaya. Yaro ba ya jin nauyin kowa; in labari ya yi sanyi zai tashi ya tafi wasansa, kuma shafin da ya tashi a kai shi ne wurin gyara.

Sai babbar doka, wadda ta fi azumi wuya ga mai baki: yin shiru. A 1956 Damon Knight da Judith Merril da James Blish suka fara tara marubutan kimiyya a garin Milford na jihar Pennsylvania, kuma tsarin da aka bi a can ya zama abin koyi. Ana raba rubutu tun kafin zama kowa ya karanta. A zauna a da'ira, kowane mutum ya samu 'yan mintuna ya faɗi abin da ya gani, mai rubutun kuma bakinsa a rufe, alƙalaminsa na aiki, sai kowa ya gama sannan a ba shi dama. Zai ji wata ta ce ba ta gane dalilin da ya sa aljanar ta yafe wa maƙeri ba, amsar tana kan harshensa, tana ƙona shi, yana so ya ce ai an yi bayani a babi na goma sha tara. Ya haɗiye. Hikimar a fili take: ranar da littafi ya shiga kasuwa, marubuci ba zai bi kowane mai saye gida ya zauna kusa da shi yana bayani ba. Abin da takarda ba ta faɗa ba, ba a faɗe shi ba.

Wannan tsari Robin Scott Wilson ya ɗauka ya kafa horon Clarion a 1968, mako shida ana rubutu ana fiɗa. A 1970 wata baƙar fata 'yar shekara 23 daga California, mai tsananin kunya, wadda ke tashi cikin dare ta yi rubutu kafin ta tafi aikin ƙarfi, ta shiga da ƙarfafawar Harlan Ellison. Octavia Butler ke nan. A can ta sayar da labaranta na farko, kuma a 1995 ta zama marubuciyar kimiyya ta farko da ta samu kyautar MacArthur. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ita ma ta bi ta wannan da'ira a 2001.

In an gama, kada ya rantse cewa ba zai taɓa sunan jaruminsa ba. Frodo da duniya ta sani a The Lord of the Rings, Bingo yake a daftarin farko, kuma jarumin da ya zama sarki Aragorn ya fara ne a matsayin ɗan gajeren mutum mai takalmin katako, ana ce masa Trotter.

Mai labarin kimiyya yana da ƙarin buƙata: ya samu wanda ya san lissafi ya fi shi, ya kuma gode masa ko da ransa na suya. Andy Weir ya riƙa sakin The Martian babi-babi kyauta a intanet, masu karatunsa da suka san sinadarai da injuna suna nuna masa inda lissafi ya karkace, yana gyarawa. Ya sa shi a Kindle a kan santi 99 a 2012, kamfani ya buga shi a 2014, ya zama fim a 2015. Amma guguwar da ta buɗe labarin ya bar ta, alhali ya san iskar duniyar Mas ba ta da kaurin da za ta yi irin wannan ɓarna, saboda labarin yana buƙatarta. Masu gyara suna ba da shawara, hukunci na mai littafi ne. Marubucin Hausa ma ba baƙo ba ne a wannan fili, tun daga yaƙe-yaƙen Ganɗoki a ƙasar aljanu a 1934 zuwa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, shekarar da aka taka wata. Kuma masu karatunsa ba su da wasa: in dokin jarumi ya yi kwana uku yana sukuwa ba ruwa ba harawa, akwai ɗan gidan sarauta a cikinsu da zai yi magana.

Alkawarin rana kuwa, a guje shi. George R.R. Martin ya fitar da littafi na biyar na jerinsa a 2011, ya saki wasu babi na na shida, The Winds of Winter, ya karanta wasu a tarurruka, ya yi fatan gamawa kafin 2016. Fim ɗin talabijin da aka gina a kan littattafan ya wuce shi, ya ƙare a 2019, masu karatu suna ta jira. Brandon Sanderson ya bi wata hanyar: lokacin korona ya rubuta littattafai a ɓoye, matarsa ce ta fara gani, sai da suka kammala ya sanar a 2022, mutane suka zuba sama da dala miliyan 41 a Kickstarter don huɗu daga ciki. Marubuciyar da ke da zauren WhatsApp ta san nauyin abin. Da ta saki shafi, saƙonni za su fara sauka: "Anti, Allah ya ƙara basira," "Anti, don Allah a ci gaba," "Anti, yau shiru?" Daɗin yabon yana sa a saki babi na uku kafin a san abin da zai faru a na goma, sai a wayi gari an kashe mutumin da ake buƙata a gaba. Gara ta tara babi da dama a ajiye kafin ta saki na farko.

Su kuma waɗanda aka roƙa su saurara, nasu nauyin ba ƙarami ba ne. Wanda ya miƙo musu shafi goma na duniyar da ya yi shekaru yana ginawa cikin dare ya ba su amana. Su karanta kafin su zo, su faɗi inda suka ji daɗi da inda barci ya ɗauke su, da lambar shafi, kuma kada su ce masa ga yadda da su ne za su rubuta. In an tashi, a sa ranar zama na gaba kafin kowa ya sa takalminsa, a kuma gaya wa marubucin ya zo da babi na biyu.