Idan Har Sai Ka Kawo Buldog Zango

Kafin ka tura kuɗi a sayo maka shi, Alhaji, tsaya ka ƙare wa hancinsa kallo, domin duk rigimar a nan take. Kare ba ya yin gumi irin namu, da haki yake fitar da zafin jiki. Shi kuwa buldog hancin nasa ya lotsa cikin fuska, ƙofofin 'yan mitsi-mitsi, iska sai da ƙyar take ratsawa. Turawan Ingila ne suka mai da shi haka. Da can suna haɗa shi faɗa da bijimi, har majalisarsu ta haramta wasan a 1835, sai masu kiwo suka koma zaɓen siffa: ƙaton kai, gajerun ƙafafu, fuska duk tattara. Wannan bawan Allah da aka tsara wa ƙasar hazo da yayyafi shi za ka sauke a Damagaram, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. To, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Fara da masauki, kuma ka sasanta da Hajiya tun kafin baƙon ya iso, don ba za ta yarda ya taka mata tabarmar salla ba, kuma tana da gaskiya. A gina masa ɗan ɗakin ƙasa a gefen inuwa, mai kaurin bango irin na tsofaffin gidajen unguwar Zango, da taga ta iska. Kada a sa shi ƙarƙashin rufin kwano, ko na awa ɗaya. Fanka tana taimakawa, amma ranar da wuta ta ɗauke da azahar, jiƙaƙƙen buhu da ruwan randa ne za su cece shi. Kowa ya san yadda ruwa yake a garin nan da bazara, saboda haka in kana lissafi da mai ga-ruwa, ka sa karen cikin mutanen gida.

Idan ka ga hakin ya yi yawa, miyau na dalala, harshen ya fara komawa shuɗi-shuɗi, yana tangaɗi, wannan ba shagwaɓa ba ce. Zafi na iya kashe shi kafin la'asar. A kai shi inuwa, a riƙa zuba masa ruwa mai sanyi a kan ciki da tafin ƙafa, a yi masa fifita, wani kuma ya ruga neman likitan dabbobi.

Yawo bayan asuba ne ko bayan isha'i. Ɗora bayan hannunka a ƙasa, in ba ka iya jurewa, shi ma ba zai iya ba. Kada ka ce za ka taka da shi daga Zango har ƙofar fadar Sarki a Birni don jama'a su gani. Tun kafin ku yi nisa zai zauna daɓas a tsakiyar hanya, kai kuma ka dawo gida rungume da kilo 25, 'yan kabu-kabu na yi maka sannu da aiki.

Sai aikin da kowa ke gudu, wato tattarar fuska. Ƙurar hunturu tana shiga lungunan nan ta haɗu da danshi, wurin ya yi ja, ya fara wari, ya zama gyambo. Kullum a buɗe su ɗaya bayan ɗaya, a goge da tsumma mai ɗan laima, a tsane da busasshe, har da ƙarƙashin wutsiya. Ka ambaci sunan wanda zai yi aikin a gaban kowa. In ka ce “yara su yi”, babu yaron da zai yi.

Kada a zuba masa ragowar miya: albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa a hanji. Ranar layya a sa ido sosai, don zai zauna gaban masu suya ya langaɓe kai, kowa ya jefa masa kitse, ƙiba kuwa ita ke ƙara toshe masa numfashi.

Malamai sun halatta ajiye kare don gadi, kiwo da farauta, za a kuma tambaye ka wanne naka ke yi. Kada ka ce farauta a gaban wanda ya taɓa ganin karen Buzaye na Azawak ya ƙure barewa da gudu. Kiwo ma bar shi. Ka ce gadi, tunda fuskarsa kaɗai tana mai da ɓarawo baya, minsharinsa kuma na sa a yi zaton maigida a zaure ya kwana. Inda ya ciri tuta shi ne haƙuri da yara. Zai kwanta su yi ta hawa suna sauka, abin da ya sa ma dole a koya musu su bar shi ya huta, a kuma hana yaran unguwa jifa. Da damina kar a bari ya kusanci tafki, nauyin kai ba ya barin sa iyo.

Allurar rigakafin ciwon hauka wajibi ce, a kuma riƙa duba kunne da tsakanin yatsu saboda kaska. In kana mafarkin samun 'yan kwikwiyo ka sayar, ka sani fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwarsu sai da tiyata, domin kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugun uwar. Ka fara gano likitan da zai tashi maka da tsakar dare. Sannan ka gaya wa yara gaskiya tun yanzu: yawancinsu shekara 7 zuwa 8 suke yi.

In ka ji lissafin ya yi maka nauyi, karen gida yana nan, mai dogon hanci da dogayen ƙafafu, wanda kakanninsa suka saba da ranar Damagaram. Ka nemi ɗan kwikwiyo a wurin 'yan farauta, ka tanadar masa inuwa da kasko na ruwa, shi ma ka kai shi allura.