Zuwa ga Bawana Bazazzagi: Bos Ɗin da Ake Yi wa Kuka Ba Bos Ba Ne

Bawana ɗan Zazzau, gaisuwa irin ta ubangida. Saƙonka na murya ya iso, kuma sai da ya cinye mini caji kafin ka kai aya. A ciki ka rantse ka maya cewa duk cikin waɗanda suka taɓa shafa farar hoda da jan baki suka fito a matsayin Joker, babu na biyun Joaquin Phoenix. Har da cewa ka yi hawaye. To, a nan ka kashe shari'arka da bakinka. Mu da muka tashi muna kallon Indiya a Plaza da El Dorado mun san ƙa'idar: bos ba a yi masa kuka. Wa ya taɓa zubar wa Gabbar Singh na Sholay da ƙwalla? Wa ya ji tausayin Mogambo? Amrish Puri na zaro ido, kai dai gyara zama kake yi.

Tunda garin malaman naku ya bar ka a haka, zauna Bakano ya biya maka karatu.

Joker ya girmi babanka. A 1940 ya fara bayyana, cikin fitowa ta farko ta mujallar zane ta Batman, kuma mutum uku ake dangantawa da ƙirƙirarsa: Bill Finger da Bob Kane da Jerry Robinson. Wannan murmushin da ba ya gogewa sun ɗauko shi ne daga fuskar Conrad Veidt, wani Bajamushe da ya fito a fim ɗin The Man Who Laughs na 1928, lokacin da fim bai fara magana sosai ba. Tun daga ranar aikin Joker ɗaya ne: ya ba ka dariya, kana cikin darawa ka ga gawa a gabanka, ka ji kunyar haƙoranka da ke waje. Wannan shi ne mudun da za mu auna kowa da shi. Ka riƙe shi da kyau, kada ka ce na yi maka algus.

Na farko da ya kamata a ambata Cesar Romero ne, a shirin talabijin na 1966 zuwa 1968 da fim ɗin da aka yi a 1966, tare da Adam West. Wannan bawan Allah aka ce ya aske gashin baki, ya ce atafau. Sai masu kwalliya suka bi gashin da farar hoda suka shafe, kuma har yau in kyamara ta matso za ka ga tsinin gashin yana leƙowa ta ƙarƙashi. Taurin kai irin wannan, da a ce ban san Ba'amurke ne ba, da na ce a Ƙofar Doka aka yanke masa cibi. Dariya kam ya bayar, amma ko ɗan yaye bai ji tsoronsa ba. Rabin mudu ya cika.

Sai 1989, Tim Burton ya kawo Jack Nicholson. A fim ɗin sunansa Jack Napier, ɗan ta'adda ne da ya faɗa cikin tukunyar sinadari a wata masana'anta, ya fito fari fat, gashi kore, baki a yage. Ya zuba guba a kayan kwalliyar mutanen birnin Gotham, duk wanda ya haɗa su ya shafa sai ya mutu yana murmushi. Ya shiga gidan adana zane-zane da yaransa, waƙar Prince na tashi, suna rawa suna ɓata zanen da duniya ke ji da su. Ya yi wa gari alkawarin watsa dala miliyan 20 a bikin titi, jama'a suka yi ca a kan kuɗi, shi kuwa ya sako musu iskar guba daga manyan balan-balan. Ya cika mudun, babu musu. Aibinsa ɗaya: ko da minti ɗaya ba ka manta cewa Jack Nicholson kake kallo ba. Girarsa ce, muryarsa ce, hoda kawai aka ƙara.

Amma ni ina da dalilin girmama shi wanda kai ba za ka gane ba. Ya yarda aka ba shi dala miliyan 6 kacal a hannu, ƙasa da farashinsa na lokacin, da sharaɗin a ba shi kaso cikin cinikin fim da na tarkacen da za a sayar da hotonsa. An ƙiyasta abin da ya kwasa daga baya ya haura dala miliyan 50. Kuma ya sa aka rubuta sunansa gaba da na Michael Keaton, wanda shi ne Batman ɗin. Mutumin nan ko a Kantin Kwari aka ajiye shi ba zai kwana da yunwa ba. Da kai ne, da ka karɓi albashinka ka yi godiya, ka koma gida kana rubuta maƙala a kan falsafar dariya.

Yanzu cire hula, za mu shiga wurin manya. A 2008 Christopher Nolan ya fitar da The Dark Knight, da Heath Ledger ɗan Ostireliya. Lokacin da aka sanar da shi aka ɗauka, masu son Batman sun yi ta gunaguni, wai yaron fina-finan soyayya ina shi ina Joker. Shi kuwa ya kulle kansa a ɗakin otal a Landan na tsawon makonni, yana rubuta tunanin Joker a wani littafi, yana gwada murya da dariya har ya samu wadda ta yi masa. Da ya fito, Heath Ledger ya ɓace. Hodar a dagule take, ta tsattsage a goshi, baƙin ido ya zazzago, harshe na ta lasar tabon baki, kafaɗa a rankwafe.

Dubi yadda yake aiki. Ya shiga taron manyan 'yan fashin gari ba gayyata, ya kafa fensir a kan tebur ya ce zai yi musu dabo, zai sa ya ɓace. Wani ƙato ya taso masa, ya kama kansa ya buga a kan fensirin. Fensir ya ɓace kuwa. Na tabbata ka yi dariya a wurin nan, kuma na tabbata dariyar ta maƙale maka a wuya. Ko kuma wurin asibiti: ga shi cikin farar rigar nas, ya tsaya ya matsa man wanke hannu ya murza tsaf, ya fito yana tafiya a karkace, gini na fashewa a bayansa. Fashewar ta tsaya. Ya juya, ya buɗe hannu, ya yi ta latsa makunnin yana jijjiga shi, sai ga babbar ƙara, shi kansa ya zabura ya faɗa mota. Asibiti guda ke rugujewa, kai kuma kana ƙyaƙyatawa.

Ga inda gardamarmu take, sai ka buɗe kunne. Wannan Joker ba shi da asali. Da 'yan sanda suka kama shi, ba su samu sunansa ba, zanen yatsunsa bai dace da na kowa ba, tufafinsa ba su da tambari, aljihunsa wuƙaƙe ne kawai. Ya gaya wa wani cewa ubansa mashayi ne ya yage masa baki. Ya gaya wa wata mai suna Rachel cewa shi ya yanka kansa da reza don ya faranta wa matarsa da aka ɓata wa fuska. Duk labarin da ka fara jin tausayinsa a kai, sai ya sauya shi, ka gane wasa yake yi da tausayin naka. Mugun da ka san abin da yake so, za ka iya ciniki da shi. Wannan kuwa aka tara masa kuɗi tsibi guda har kusa da rufin ɗaki, ya sulalo daga samansu, ya sa aka tuttula fetur ya cinna wuta. Kada ka tambaye ni halin da na shiga a wurin nan. Babu Bakanon da zai kalli wannan bai nemi ruwan sanyi ba.

Sannan jiragen ruwa biyu, ɗaya cike da mutanen gari, ɗaya da fursunoni. Ya ɗaura wa kowanne bam, ya ba kowane ɓangare makunnin ɗayan, ya ce in ba wanda ya latsa kafin sha biyun dare zai tashi duka. Burinsa ya nuna cewa mutumin kirki ma in an matse shi mugu ne. Ya sha kaye, domin wani ƙaton fursuna ya karɓi makunnin ya wurga ta taga. Na sha tunanin da Kanawa da Zage-zagi aka zuba a jiragen nan. Ku da kun kafa kwamiti kuna muhawara har lokaci ya ƙure. Mu kuwa da tuni mun kwance makunnin mun sayar da wayoyin.

Ledger bai ga fim ɗin a silima ba. Ya rasu a New York ranar 22 ga Janairu 2008 yana da shekara 28, fim ya fito a Yuli, ya yi cinikin sama da dala biliyan ɗaya, kuma a 2009 iyalinsa suka karɓar masa Oscar.

Jared Leto na Suicide Squad na 2016 ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba, ko da yake na san akwai rigar da ke ɗauke da hotonsa a ƙasan akwatinka. Haƙoran ƙarfe, sarƙoƙi, jiki duk rubutu da zane kamar bayan A Daidaita Sahu, har a goshi an rubuta cewa shi lalatacce ne. Bos ɗin da sai ya rubuta a goshi kafin a san shi bos ne, ai magana ta ƙare. Masu tace fim ɗin ma suka zubar da kaso mai yawa na wasansa, aka bar masa 'yan mintoci.

To, ga gwaninka. Gaskiya ko ta bawa ce a faɗe ta: Phoenix ya yi wasa. A fim ɗin Joker na Todd Phillips na 2019 ya zubar da sama da kilo 23, har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Arthur Fleck ɗan barkwancin haya ne da ke zaune da tsohuwarsa, yana shan magani kala bakwai, yana da larurar da ke sa shi dariya ba da sonsa ba. Wurin nan na cikin bas, da yake wasa da wani yaro uwar ta daka masa tsawa, dariyar ta kufce masa har tana shaƙe shi, ya miƙa mata ɗan katin da ke bayanin ciwonsa, wannan ko ni sai da na yi shiru. Yara suka yi masa dukan kawo wuƙa a lungu, hukuma ta rufe ofishin da ke ba shi magani, aka kore shi daga aiki. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Venice a Italiya, aka sa shi a takarar Oscar 11, Phoenix ya ɗauki ta gwarzon ɗan wasa, ciniki ya wuce dala biliyan ɗaya. Duk na sa hannu.

Amma ɗauko mudun nan. Sau nawa Arthur ya ba ka dariya? Shi ke dariya, kai kana jimami. Fim ɗin ya zaunar da kai ya lissafa maka dalilan muguntarsa ɗaya bayan ɗaya, har ka ga da an bar masa maganinsa, an samu mutum ɗaya ya saurare shi, da babu wanda zai mutu. Wannan darasi ne mai kyau game da yadda gari ke yasar da marasa lafiyarsa, kuma ya cancanci a yi fim a kansa. Martin Scorsese ya riga ya share hanyar da Taxi Driver da The King of Comedy, shi ya sa ma aka ɗauko Robert De Niro, jarumin duka biyun, aka ba shi matsayin mai gabatar da shirin da Arthur ya harbe. Sai dai mutumin da za a iya ceto da takardar likita, Batman ba ya buƙatar fitowa dominsa. A fim ɗin ma Bruce Wayne, wanda zai zama Batman, yaro ne ƙarami a bayan ƙofar gidan ubansa.

In kana ganin son rai ne irin na Kanawa, je ka kalli kashi na biyu da suka fitar a 2024 tare da Lady Gaga. Suka mayar da abin waƙe-waƙe, suka kashe kusan dala miliyan 200, cinikin da ƙyar ya ɗara haka. A gaban kotu Arthur da bakinsa ya ce babu wani Joker, shi Arthur ne kawai. A ƙarshe wani fursuna ya daɓa masa wuƙa, ya koma gefe yana dariya yana yage nasa bakin. Wato masu fim ɗin da kansu sun bayar da shaida a kan gwaninka. Kai kaɗai ka rage kana kare mutumin da ya riga ya amsa laifinsa na sojan gona.

Saboda haka ga hukunci. Ledger ne sarki. Nicholson waziri, kuma ma'aji. Romero a bar masa gashin bakinsa ya zauna a fada yana ba yara dariya. Phoenix gwani ne, amma a wata masarautar. Leto kuwa na bar maka shi kyauta, ku ƙarata. Barry Keoghan ya leƙo na ɗan lokaci a The Batman na 2022 daga bayan ƙofar kurkuku, in ya fito sosai ma sake zama.

Tarar ɓata mini caji kuma, kuɗin sharar bana ninki biyu ne, kuma ranar cika-ciki nake son ganinsu. Kada ka zo mini da labarin yarintarka da yadda duniya ta juya maka baya. Wannan a fim ɗin Phoenix yake ci. A Kano lakadan muke karɓa.