Wace Iri Ka Saya, Alhaji?

Na ga kuna taɓe baki tun ban buɗe nawa ba. Wai inshorar gida? Mu Allah ke tsare mana. Haka ne, Alhaji, shi ya sa ƙofarka ke da kwaɗo uku, katanga ta sha fasassun kwalabe, ga mai gadi da gorarsa a zaure.

Masu cewa kamfanonin ba sa biya kuwa, tambayata ɗaya: wace iri aka saya? Akwai ta gobara zalla, wuta da faɗuwar tsawa. Idan ruwa ne ya shigo, irin wanda madatsar Alau ta sako wa Maiduguri a Satumbar 2024, mai wannan takarda sai dai ya yi fifita da ita. Ambaliya da iskar da ke yaye kwano sai an biya musu ƙari.

Ta sata daban take, kuma tana da tsirfa. Sai sun ga ɓallallen kwaɗo ko yankakken ƙarfen taga. Hajiya ta bar ƙofa a wangale ta leƙa barka maƙwabta, talabijin ta yi ƙafa? Allah Ya mayar da alheri.

Akwai kuma mai haɗa gini, kayan ciki, har da diyyar wanda katangarka ta faɗo wa. Kai ɗan haya, daina dariya: inshorar mai gida ta ginin ce. Gado, kujeru da jeren amarya suna wuyanka.

Inda na fi jin daɗinku shi ne wajen wayo. Gida na miliyan 40, ka rantse na 20 ne don kuɗin shekara ya ragu. Wuta ta yi ɓarnar miliyan 10, sai su miƙo maka 5, tunda rabin gida ka kawo musu. Daga nan ka zagaye majalisu kana cewa ɓarayi ne. Ɓarnar gara da tsufan gini kam kada ma ka ɓata kuɗin mota, ba sa biya.

Saura Malam, da ke jira in gama ya ce caca ce. Tun 2013 hukumar inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, ga su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yi: kowa ya zuba gudummawa a asusu, a agaza wa wanda tsautsayi ya faɗa wa, in an sami rara a raba. To Allah gafarta Malam, wane uzuri kuma za a janyo daga aljihun babbar riga?