Tuffa a Kasko

Wani attajiri mai shigo da motoci daga Japan ya kammala cinikinsa da wuri, sai tafintansa ya ja shi zuwa Omiya, a Saitama, unguwar da masu renon bonsai, wato ƙananan itatuwan kasko, suka kafa a 1925 bayan girgizar ƙasar 1923 ta tashe su daga Tokyo. Yaronsa na biye da jaka a kafaɗa. Yaro dai ake ce masa, amma shekararsa goma sha bakwai a shago, furfura har ta fara leƙowa, ba a taɓa yi masa zancen jari ba.

A wani lambu Alhaji ya ga itatuwa tsofaffi tukuf a cikin kasake, wasu ko gwiwarsa ba su kai ba. Nan take ya ce a ba shi na tuffa, mai manyan 'ya'ya, wanda zai ajiye a falo ya riƙa tsinka.

Tsohon mai lambun ya ajiye almakashi, ya ce ta bakin tafinta: "Ganye kan ƙanƙance idan an daɗe ana datsa, amma ɗan itace ba ya jin almakashi. Yadda zai fito a gona, haka zai nemi fitowa a kasko. Shi ya sa muke zaɓen masu ƙananan 'ya'ya tun asali." Ya nuna masa wadan rumman, da ƙaramar tuffar da suke kira himeringo, da lemon kinzu mai 'ya'ya kamar ƙwayar gujiya.

Alhaji ya ce shi fa babba yake so, kuɗi ba matsala ba ne. Yana maganar yana hararar yaron, wai ya tsaya sototo, shekara da shekaru bai tsinana komai ba.

Tsohon ya ɗaga wani itace daga kaskonsa, ya nuna saiwar da ta dunƙule tana zagaye kanta. Ya ce duk bayan 'yan shekaru sai sun rage ta, reshe kuma su naɗe shi da wayar jan ƙarfe ya bi inda suke so. Itacen da aka yi wa haka, in ya yi 'ya'ya da yawa su da kansu suke cire galibinsu tun suna ɗanye, don nauyin kan galabaitar da shi har ya kasa fure baɗi.

"To ranka ya daɗe, mai son cika kwando sai ya fasa kaskon ya dasa a fili. Sai dai fa zai fi shi tsawo, inuwarsa kuma har maƙwabta za su sha."

Tafintan ya ɗan yi jinkiri kafin ya juya wannan, don ya lura tsohon ba itacen yake kallo ba.

Alhaji ya gyara hula. "Ka ce masa na ji. Nawa ne rumman ɗin?" Sannan ya waiwaya: "Kai, ajiye jakar nan ka ɗauki kaskon. Ka fasa shi, a albashinka."