Dakalin Makewayi

A makewayin gidanmu da ke Tafoki akwai wani ɗan dakali na siminti a lungun dama. Tsawonsa bulo biyu, faɗinsa daidai mazaunin mutum ɗaya. Shekara uku ke nan muna shari'a a kansa ni da uwargida. Ita tana so a fasa shi, ni kuma kullum da sabuwar hujjar da zan kawo. Duk hujjojin nan ƙarya ce, sai dai ƙarya ce wadda aka yi wa wanka, aka shafa mata mai, aka sa mata hula.

Don Baba aka gina shi, a 2020, lokacin kullen korona. Gwiwoyinsa ne suka ƙi, tsugunno ya gagare shi, tsayuwar ma sai da dafa bango. Da farko kujera 'yar tsugunno aka kai masa, ya dube ta ya ce shi ba mai jego ba ne. Aka kai ta roba, ranar farko ƙafarta ta zame a kan kumfar sabulu, Allah ne ya kiyaye. Sai na aika aka ɗauko buhun siminti daga Funtuwa a bayan babur, magini ya zo ya jera bulo, ya shafe saman sumul. Baba ya yi shekara biyu yana wanka a kai kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Ba a daɗe da share makoki ba uwargida ta kawo ƙara. Kuma don Allah, tana da gaskiya. Makewayin namu ƙarami ne, in ka shiga da bokiti ɗaya to ku biyu kun cika shi. Dakalin ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na wurin. Babu inda za ta ajiye baho in za ta yi wa yara wanka. Sau biyu tana buge ƙwauri da shi da asuba. Ruwa yana kwanciya a bayansa bai isa rariya ba, gansakuka ta yi kore shar, kyankyasai sun mai da wurin unguwa, da damina kuma sauro ya zo ya kama haya.

Na ce mata, "Haba, abin tunawa da Baba ne."

Ta ce, "Malam, sandarsa da butarsa suna ɗaki. Babbar rigarsa ma da hannunka ka bayar tun kafin a yi arba'in. Sai dakalin bayi ne gado?"

Na yi shiru irin na mai alhini. Shirun ya saya mini wata shida.

Daga nan gwamnati ta kawo mini agaji ba tare da ta sani ba. Aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya tashi. Farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma. Duk ƙasar nan ana kuka, ni kaɗai nake murna a ɓoye. Uwargida ta ce ai fasawa ba ta cin siminti, guduma ce kawai. Na ce in an fasa, daɓen fa, da tuwo za a liƙe shi? Damina ta zo na ce kuɗin taki, masara ba ta jira. Kaka ta zo na ce sai an sayar da auduga. Ku sani, ƙasarmu ta Faskari ƙasar noma ce, tun zamanin Turawa aka san Daudawa da auduga, don haka manomin da ke neman uzuri a nan ba ya rasawa, kowane wata da nasa. Sau uku magini yana zuwa da gudumarsa, sau uku ina ba shi kuɗin goro ya koma.

Hujjar da ta fi kashe ni ita ce wadda na ɗauka za ta cece ni. Wani ɗan ƙanena da ke karatu a Zariya ya zo hutu, ya nuna mana a wayarsa irin motocin nan na Amurka da ake kwana a ciki: ga gado, ga murhu, ga wurin wanka kamar akwatin tufafi. Ya ce akwai kamfanin Winnebago a jihar Iowa da ke ƙera su tun 1966. Ina leƙawa sai na hango, a lungun wurin wankan, ɗan wurin zama. Na miƙe tsaye.

"Kin gani? Har Turawa, da iliminsu, a cikin mota ma sai da suka yi dakali!"

Yaron nan, da ba a tambaye shi ba, ya ce ai wasunsu cirewa suke yi don su samu wurin juyawa. Uwargida ba ta ma kula da wannan ba. Ta tambaye shi a hankali, su waye suka fi sayen irin motar? Ya ce da yawansu tsofaffi ne da suka yi ritaya. Ta dube ni, ta ce, "To." Ta ci gaba da tsinke zogalenta.

Yanzu bari in faɗi abin da ya kawo ni. Ni nake zama a kan dakalin nan. Kullum. Safe da yamma.

Da hunturu abin ya fara. Na wuni a tsaye a kasuwar Sheme ina cinikin ɗan maraƙi, na dawo ƙafafuna sun yi faso kamar fadama a watan bazara. Na shiga da ruwan zafi da dutsen goge kaushi, na sunkuya, sai na tarar da wani abu ya shiga tsakanina da diddigena. Tumbina ne. Ban san lokacin da ya girma haka ba, ba mu taɓa yin sallama ba. Na ɗaga ƙafa ɗaya, na yi tangaɗi, na dafa bango. Na duba hagu, na duba dama, ko da yake ni kaɗai ne a ciki, na ce bari in ɗan ɗosana, minti ɗaya.

Jama'a, ashe haka Baba yake jin daɗi bai faɗa wa kowa ba. Simintin ya ɗauki ɗumin ruwa. Bokiti yana gabanka, ba sunkuyo. Ka ɗebo da kofi ka zuba a ƙeya, ruwan ya bi gadon baya a natse. Ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ka goge kaushi kamar mai sarauta ana yi masa fifita. Ranar har tsakanin yatsu na wanke, wuraren da rabona da su tun ina saurayi. Minti ɗayan nan bai ƙare ba har yau.

Me zai hana in faɗa? Girman kai. Ni ne a majalisa nake bugun ƙirji cewa har gobe ina ɗaga buhun masara in ɗora a babur. Ni ne na sa wa wani sa'ana suna "Mai Kujera" don ya fara salla a zaune a masallaci, sunan kuma ya bi shi. A wurinmu namiji tsaye yake wanka ko a tsugune. Zama na tsofaffi ne da marasa lafiya da masu jego. In labarin nan ya fita, Mai Kujera sai ya yanka zakara.

Saboda haka na koyi dabaru. Nakan ɗaga kofin sama sosai in sheƙo ruwan, don ƙararsa ta yi kama da ta mai wanka a tsaye. In na gama sai in mayar da soso da sabulu can saman katanga, inda mai tsayuwa zai ajiye. Nakan watsa ruwa ko'ina don kada a ga inda ya jiƙe da inda bai jiƙe ba. Abin da ban lura da shi ba, ƙofar langa-langa ce, kuma ba ta kai ƙasa ba. Ban kuma lura cewa gefen dakalin ya yi kore amma samansa yana ƙyalli kamar an goge shi da man shanu ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ba cibi kaɗai na so ɓoyewa ba.

Makon jiya na dawo daga gona na tarar da magini a zaure, da buhun siminti rabi da bulo biyu. Ban aika masa ba. Aka yi masa iso, muka shiga, zuciyata tana dukan uku-uku, ina lissafin wace hujja ta rage. Sai muryar uwargida ta fito daga bayan labule.

"Kada ka fasa. Ka gyara hanyar ruwan da ke bayansa, sannan ka ƙara masa tsawo kaɗan. Malam yana nishi in zai tashi, har tsakar gida muke ji."

Magini ya sunkuyar da kai yana kallon gudumarsa kamar yau ya fara ganinta. Na gyara murya, na ce masa saboda baƙi ne, wani lokaci mukan yi baƙi dattawa.

Ya ce, "Haka ne, Malam." Ya zaro igiyar awo daga aljihu. "Baƙon, tsawonsa zai kai naka? Ɗan zauna in gwada."