Jeren Maigida

Kowane namiji da abin da ke cin kuɗinsa a ɓoye. Wani tattabaru ne, wani gidan kallon ƙwallo, wani kuma tsire bayan sallar isha'i. Ni nawa ya fi waɗannan ban kunya, domin tsofaffin akwatunan ajiye kayan ado na mata nake tarawa. Ba na sayarwa, ba na zuba komai a ciki, ba ni da gwal ko na sisin kwabo. Ga furfura ta fara leƙowa a gemu, ga 'ya'ya sun tasa, amma da zarar na hango 'yar batta mai zanen murfi, shi ke nan an gama da aljihuna.

Ciwon ya kama ni ne a kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Wani baƙo na raka, ya tsaya a wata rumfa ya ɗauki battar fata yana ta juya ta, yana santi. Irinta na tashi ina gani a ɗakin kakata, ana zuba kwalli da 'yan duwatsun wuya, ban taɓa yi mata kallo biyu ba. Amma da na ga baƙo ya yaba, nan take ta yi mini kyau. Na sayi ta kusa da tasa, don kada a ce ɗan gari bai san daraja ba.

Aikin mutanen Agadas ne, kuma aiki ne na gaske. Da yumɓu ake fara gina siffar battar, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar fata, a murza kakin zuma siri-siri a zana ado da shi, sannan a rina. In ta bushe sai a ɓamɓare kakin, a fasa yumɓun a zazzage. Inda kaki ya rufe ya fito da haske, sauran jikin ya yi ja. Na haddace wannan bayani tsaf, duk wanda ya shigo falona sai ya sha shi, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Ƙanen matata ya koma aiko da gaisuwa daga ƙofar gida. Ɓera ne kaɗai ya nuna sha'awa ta haƙiƙa, ya gwaguye gefen murfin a dare ɗaya.

Daga fata na koma tagulla. Duk mai wannan ciwo ya san Bida, inda maƙeran unguwar Tswata Mukun ke bubbuga tagulla da 'yan ƙananan guduma su fitar da zane ɗigo-ɗigo, 'yan Masaga kuma na narka kwalba su yi duwatsu da awarwaro. Saboda irin waɗannan sana'o'i ne hukumar UNESCO ta sa garin cikin jerin biranen fasaha a 2021. Na samu wata batta daga can, ta yi baƙi ƙirin, kore-kore ya kwanta a cikin zanenta. Wannan baƙin shi ne shaidar shekaru, kuma shi na biya da tsada. Na dawo daga aiki wata rana, autata ta tare ni da murna: "Baba, na wanke maka abin nan naka mai dauɗa!" Toka da lemun tsami ta sa, ta dirje shi har yana ɗaukar ido. Na buɗe baki na rufe. Ƙarshenta sai da na sa mata albarka, na kuma ba ta kuɗin alawa, domin ban ga ta inda zan fara yi wa yarinya bayanin cewa ubanta dauɗa ya saya ba.

Ana haka labarina ya kai kunnen wani dillali. Tun ranar farko Alhaji yake kirana, ni da ko filin jirgi ban taɓa kwana ba, ban kuma gyara masa ba. Ya zo da wani akwatin katako a naɗe cikin zane, cikinsa shimfiɗe da jan karammiski, ya rage murya ya ce daga Ingila yake, na zamanin Sarauniya Biktoriya, wani Di'o ne ya bari da zai koma gida. Na yi lissafi a zuci: matar nan ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, masu harkar kuma ba sa kiran abu tsohon kaya na ainihi sai ya cika shekara 100. Ga ƙananan huji a jikin katakon, alamar ƙwaro ya daɗe yana ci. "Alhaji, don kai ne," in ji shi. Na biya ina sauri, ina tsoron kada ya gane ya yi asara.

Da murfin ya fara lilo na kai wa kafintan layinmu, na gargaɗe shi ya bi a hankali, kayan tarihi ne. Ya juya akwatin, ya shinshina, ya zura tsinke a hujin nan ɗaya bayan ɗaya. Dukkansu faɗinsu ɗaya, zurfinsu ɗaya, a miƙe sambal. "Yallaɓai, ƙwaron nan da lantarki yake aiki," ya ce. Launin tsufan kuwa man goge takalmi ne. Ƙusoshin murɗin da suka riƙe murfin masu tsagar gicciye ne a ka, irin da sai bayan 1930 aka fara ƙera su. Ya ƙara da cewa wanda ya yi aikin yana da hannu, kuma yana da rai.

Na ɗauka na gama shan kunya, sai ga Gwaggo ta zo kwana biyu. Na fito mata da akwatin da na fi ji da shi, mai adon ɓawon kawa, irin aikin da aka san mutanen Dimashƙa da Alƙahira da shi. Ta dube shi sama-sama ta ce, "Af, irin tsarabar da na raba wa yara da na dawo daga Makka." Da hunturu ya kankama, adon ya fara ɓallewa ɗaya-ɗaya. Na ɗora kan allura mai zafi a kan guda, ya narke yana warin roba.

Duk wannan bidiri, 'yan kunnen maiɗakina a cikin tsohon gwangwanin man shafawa suke. Ta taɓa roƙona akwati ɗaya, na ce ƙarfe zai karce karammiskin. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Malam, kuɗin guda ɗaya daga cikinsu da ya sayi abin da za a zuba a sauran." Sannan ta dubi kantar da na shirya su a kai, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ta ce, "Ashe kai ma jere kake yi. Ni dai nawa iyayena suka saya mini."

Maganar ta zauna mini, domin shekara da shekaru ina yi mata tsiya a kan kabet ɗinta cike da tangaran da ba a taɓa cin tuwo a ciki ba. Kafin ita uwarta ta jera kwalla da samira, kakarta ta jera ƙorai da tasoshi, ni kuwa ina kiran abin almubazzarancin mata. Laifi tudu ne. Da na sauko daga nawa na duba, sai na ga abokina mai huluna cike da durowa, alhali kai ɗaya gare shi. Na ga maƙwabcina mai littattafai masu ruwan zinare a bango, ko ledarsu bai cire ba. Na ga mai agogo bakwai da kullum shi ne ƙarshen zuwa ɗaurin aure. Kowa da jerensa. Mata dai sun fi mu gaskiya, su sun ce don ado suke yi. Mu ne sai mun laƙaba wa namu suna mai nauyi, mu ce tarihi ne, ko jari, ko ilimi.

Yanzu mun yi sulhu a gida. Na bar mata akwatin Di'o, ta zuba 'yan kunnenta, ya zama shi kaɗai ne a cikinsu ke cin halalinsa. Na kuma yi alkawarin na daina. Jiya dillalin nan ya bugo, wai an samu wani na gidan sarauta. Na gaya masa a fili cewa na tuba, kada ya sake kirana. Na dai ce ya turo hoton in gani.