Saboda Yara

In kana son ganin dattijo ya shara ƙarya ido cikin ido, ka zo Gure a makon ƙarshe na Disamba ka tambaye shi dalilin abin da ya saya. Amsar ɗaya ce daga bakin tasha har gindin duwatsun Muniyo: saboda yara.

Gidajen Kirista a garin nan ba su da yawa. Akwai ƴan gida, akwai ma'aikatan da aka turo, malaman lakkol da na likita da masu kaki, sai ƴan kasuwa daga Najeriya da Benin. Amma 25 ga Disamba hutu ne na ƙasa baki ɗaya, lakkol kuma takan sallami yara kwanje ba tare da ta tambayi addinin uban kowa ba. Duk wanda ya haifa, sallar Kirsimeti ta same shi, ko ya je coci ko bai je ba.

Wanda ya tsayar da ranar 25 bai shawarci ma'aikacin gwamnati ba. Albashin Nuwamba ya riga mu gidan gaskiya, na Disamba yana hanya, ga hunturu ya busar da leɓe da aljihu. A cikin wannan hali ne uwargida za ta zauna ta gyara murya.

"Baban yara, ka ga ƙafar autanka kuwa? Takalmin bara ya ƙi shiga."

"To, a saya masa."

"Sai kuma zanen Zumuntar Mata, jika goma sha biyu ne da ɗinki."

"Shi ma autan ne zai ɗaura?"

"Haba maigida! So kake a nuna ƴaƴanka a ce uwarsu ce babu anko?"

Shi ke nan, zane ya shiga lissafin yara. Kada ku tausaya wa maigidan tukuna. Shi ne zai hau mota ya yi tafiyar kilomita fiye da 150 zuwa Damagaram da sunan sayo wa yara kaya a kasuwar Dole, ya dawo da lasifika mai tsawon ɗan shekara biyar. Yaran sun samu balan-balan da hular Baba Nowel ta dala arba'in. In an yi magana ya ce yara suna son kiɗa. Yaran kuwa ba mai izinin taɓa ta, kuma waƙoƙin da ke fita cikinta duk na zamanin samartakarsa ne.

Shi kansa Baba Nowel abin tausayi ne a ƙasar nan. An zana shi da dusar ƙanƙara da barewar Turawa, aka kawo shi garin da rairayi ke cin gonaki, raƙumi ke dakon kanwa da dabino. An ce ta bututun hayaƙi yake shiga gida. Mu da muke girki a tsakar gida kan duwatsu uku, ta ina zai biyo? Wata yarinya da aka ce mata shi ya kawo ƴar tsana cikin dare, sai ta tambaya me ya sa kare bai yi haushi ba. Abu ɗaya ne ya dace da mu a kayansa, wato rigar sanyi. Wannan kam iyaye mata sun riƙe ta da gaske: yaro zai fito da asuba da riga uku da hula da safa, fuska sharkaf da man kaɗe, rana ta take tsaka yana zufa, uwar na cewa kul ya cire, ai sabuwa ce, mutane ba su gama gani ba.

A coci ana wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, nan ma don yara. Su yaran ba ruwansu, a ba su makiyayi ko tunkiya duk ɗaya ne muddin akwai alewa. Rigimar tana wurin iyaye. Kowace uwa ta san ƴarta ce ta fi dacewa da Maryamu, kuma wadda aka ba ɗanta Hirudus ba za ta gaida malamar Lahadi ba sai an shiga Fabrairu. Ranar wasan, mala'ika ya manta saƙonsa ya tsaya yana sosa ƙeya da fiffiken kwali, iyaye maza sun tare gaba da salula suna ɗauka, kakanni a baya ba abin da suke gani sai ƙeyar surukai.

Amma gwanayen wannan sana'a ta fakewa da yara su ne maƙwabta. Malam zai tara iyalinsa tun jajibere ya ja kunne: wannan ba sallarmu ba ce, kada in ga ƙafar kowa a can. Da hantsi ƙamshin soyayyar kaza ya tsallako katanga, don ƙamshi ba ya neman izini. Can sai ga yarinya da langa a ka: "Mama ta ce a kawo wa Baba Malam." Malam ya dubi langa ya dubi sama. "To, ba a mayar da hannun kyauta baya. A ba yara." Sai dai a fara ajiyewa a ɗakinsa tukuna, kada yaran su yi ɓarna. Abin da ke fitowa daga ɗakin shinkafa ce da maka, cinyoyi kuwa sun yi ɓatan dabo. Ba na zargin kowa, domin lokacin Babbar Salla haka cinyar rago ke tsallaka katangar nan ta koma ɗaya gefen, kuma a can ma Baba Fasto yana da ɗakin ajiya.

Su kuwa waɗanda ake yi dominsu, kafin la'asar sun gama da sallar. Motar roba ta rasa ƙafa biyu, an koma tura tsohuwar taya da kara. Sabon wando ya sha ƙasa, domin ƙarshen shekara lokacin kokowar Takobi ne, kowane ɗan shekara shida ya zama ɗan kokowa Issaka Issaka, ƙanensa kuma abokin karo ne ko ya yarda ko bai yarda ba. Da dare a bi tsofaffi da ƴan abin fashewa, kaka ta zubar da buta tana salati.

Kwana shida bayan haka ga daren 31, wanda ba na Kirista ba ne ba na Musulmi ba, na kaji ne. Sai farkon Janairu a koma lakkol, a tarar jakar yaro ta yage, littafi ya ƙare, biro ya ɓata. Maigida ya lallaɓa wurin mai kanti da sassafe, ya gaishe shi har da tambayar lafiyar dabbobi.

"Alhaji, a ƙara rubutawa. Wallahi saboda yara ne."

Alhaji ya buɗe littafin bashi, ya lashi yatsa, ya yi ta juya shafi. "Mushe, wannan shayi da sukari da taba na watan jiya, wanne daga cikin yaran ne ke sha?"